Kokowar Kaka a Tasawa da Mayahi da Takobin 1975

Kokowa wasan manoma ce a ƙasar Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi ta Nijar, kuma lokacinta kaka. Idan an yanke gero an kai dammuna rumbu, an rore wake, an cire gyaɗa, sai ganga ta fara tashi a dandali. Daga Urafan zuwa Korgom, daga Kanambakashe zuwa ƙauyukan da ke bin Gulbin Kaba, da wuya a sami garin da ba shi da ƙaton da yake taƙama da shi. Shekarar da damina ta yi kyau ita ce kokowa ke armashi, domin mai yunwa ba ya ɗaga ƙato.

Yaro yakan koye ta ne a cikin rairayi, wajen kiwo ko da farin wata, ba tare da wani ya zaunar da shi ya koya masa ba. In ya tasa, sai ya shiga sahun samarin gari. A al'ada sarkin samari ke aika goron gayyata zuwa maƙwabtan garuruwa. Baƙi kan iso a ƙafa ko a amalanke tare da makaɗansu, a sauke su, a kai musu fura da tuwo, domin wanda za a kama da la'asar baƙo ne tukuna da hantsi.

Shirin ɗan kokowa kafin ya shiga fage shi ne abin da ya fi ɗaukar ido. Yakan ɗaura walki, ya zagaye ƙugu da guraye, ya sa kambu a damtse, layu na reto a wuya. Wani ya sha rubutu tun asuba, wani an shafe shi da magani, wani kuma in ya zo bakin fage sai ya tsuguna ya ɗebi ƙasa, ya yi tofi, ya watsa gabas da yamma kafin ya taka. Akwai wanda ba zai yarda ya riga abokin karawarsa shiga ba, ko da alƙali zai gaji da kira. Malamai da dama suna ƙyamar wasu daga cikin waɗannan abubuwa, amma ƴan kokowa kaɗan ne ke yarda su shiga da ƙarfin damtse kaɗai.

Sai kirari. Makaɗi na buga taken ɗan wasa, shi kuwa ya fito tsakiyar fage, ya ɗaga hannu, ya ambaci garinsu da ubangidansa da manyan da ya taɓa kayarwa, ya yi barazana ga duk mai jin kansa. Wanda ya ji ya isa sai ya tashi ya amsa. Maroƙa na zuga, ƴan calicali kuma, masu kwaikwayon ƴan kokowa cikin shigar ban dariya, suna sanyaya zukata in rai ya fara ɓaci.

Kamun kansa ba ya daɗewa in an sami gwani. Su biyun sukan sunkuya, kowa na laluben hannu ko ƙafar ɗan'uwansa, har wani ya sami taɗiya ko ya sunkuci abokinsa ya buga da ƙasa. In gadon bayan mutum ko mazauninsa ko kansa ya taɓa ƙasa, an yi kaye. Abin da ya fi kyau a wannan al'ada shi ne abin da ke biyo baya: wanda ya yi kaye yakan miƙa hannu ya tashi wanda ya faɗi, su rungumi juna, sannan jama'a su yi ta kari.

A kan wannan tushe gwamnatin Seyni Kountché ta kafa gasar kokowa ta ƙasa baki ɗaya. An yi ta farko a Tawa a 1975, lokacin Nijar na da jihohi 7, Tasawa da Mayahi kuma suna ƙarƙashin Maraɗi kamar yau. Ɗan tawagar Maraɗi, Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, shi ya ɗauki takobin farko, wato kyautar zakaran gasar. Zamaninsa ne zamanin Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram, kuma har yanzu da waɗannan sunaye dattawa ke auna ƴan kokowar yau. Manomin Mayahi ko na Tasawa ya ɗauki nasarar 1975 a matsayin tasa, tunda wasan da aka ɗaukaka a Tawa shi ne wanda yake yi a dandalin ƙauyensu.

Tun daga nan kokowar kaka ta sami tsani. Gwanin ƙauye kan je zaɓen gunduma, daga can ya wuce Maraɗi, inda ake tace mutum 10 da za su wakilci jiha. Yanzu jihohi 8 ne, wato ƴan kokowa 80, kuma gasar na zagayawa daga babban birnin wata jiha zuwa na wata. Dokar takobi mai tsanani ce: wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman sa, ko da yake zai ci gaba da kamu domin jiharsa, kuma har yana iya kayar da wanda bai faɗi ba ya ɓata masa shekara. Wanda ya rage a tsaye shi ake naɗa wa rawani, a ba shi takobi da doki da kuɗi.

A kwanakin gasar, kasuwa da majalisa a Tasawa da Mayahi sukan koma gindin rediyo. A da Muryar Sahel kaɗai ake saurare, mutum ashirin a kan akwati ɗaya. Yanzu an ƙara da talabijin da wayar hannu. Babban filin kokowa na birnin Maraɗi, inda ƴan Tasawa da Mayahi ke zuwa neman gurbi a tawagar jiha, sunan Kantu yake ɗauke da shi.