Malami Da Ɗalibi Da Baitulmali: Bayani A Kan Kuɗin Karatu A Jami'ar Jihar Kaduna

Wannan bayani ne ga malamai masu allo da littafi, da fatake da masu rumfa a kasuwa, a kan wata mas'ala wadda ta daɗe tana hana magidanta barci a ƙetaren kogin Kaduna, watau Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha. Mas'alar kuwa ita ce: wa ya wajaba ya ɗauki nauyin karatun jami'a, kuma wa ke da ikon yanka kuɗinsa?

Ka sani, ya kai mai karatu, wannan yanki na kudancin kogi da gumin ma'aikata aka gina shi. A 1957, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, aka buɗe babbar masaƙar Kaduna a Kakuri, sa'an nan waɗansu masaƙun suka biyo baya, har unguwar ta zama ba ta barci saboda ƙugin injin. Mai albashi yana cin kasuwa, ɗan kasuwa yana ba malami sadaka, malami yana karantar da 'ya'yansu duka. Da masaƙar farko ta tsaya a 2002, wata babbar kuma ta rufe a 2007, sai wannan igiya ta tsinke. Dubban magidanta suka koma gida, da yawansu suka yi shekaru suna jiran haƙƙin sallama. Abin da ya saura gare su na fata shi ne yaro ya yi karatu ya ɗauke wa gidan nauyi.

Ana cikin wannan hali, a 2004, Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi ya kafa Jami'ar Jihar Kaduna, da mazauni guda a cikin Kaduna, guda a Kafanchan. A lokacin kuɗinta kaɗan ne, ga ta kuma kusa da gida. Ɗan Kakuri ya kan kwana ɗakin uwarsa, da safe ya haye gada ya tafi aji, da maraice ya komo ya taya ubansa tsaron shago. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambatonta ba. Tun bayan fitinun 2000 da 2002 garin ya rabu, jama'a suka tattara kaya kowa ya koma gefen da yake ganin 'yan'uwansa, kogi ya zama kamar iyaka. Ajin jami'a yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan Tudun Wada da ɗan Sabon Tasha ke zama a benci guda, su ari littafin juna.

A watan Afrilu na 2021, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, sai gwamnatin jiha ta ƙara kuɗin karatu a manyan makarantunta duka. Ɗan jiha wanda ke biyan wajen naira 25,000 a jami'a aka ce ya kawo naira 150,000, watau ninki shida. Na likitanci kuwa ya ninka wannan ma. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata. Ashe ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin wata biyar cur, bai ci ba bai sha ba, kafin ya biya wa ɗa guda shekara guda. Kuma a wannan watan ne aka sallami ma'aikata masu yawa daga aiki, har ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da al'amuran jihar a watan Mayu.

Hujjar hukuma ita ce, abin da ɗalibai ke biya bai kai ko kusa da abin da jami'a ke ci ba, albashi da gini da kayan gwaje-gwaje duk a wuyan baitulmali suke, ga asibitoci da hanyoyi da makarantun firamare su ma suna jira. Ta kuma yi alkawarin taimakon marasa hali da kyautar kuɗin karatu da rance. Wannan magana ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, gama duk ɗan kasuwa ya san rumfar da ke fitarwa ba ta shigarwa, kwananta ƙidayayye ne.

Amma malaman jami'ar, ta bakin reshen ƙungiyarsu ta ASUU, suka ƙi. Shugabansu na lokacin, Dokta Tukur Abdulƙadir, ya yi gargaɗi cewa kashi 75 cikin ɗari na ɗalibai suna iya barin karatu. Abin lura a nan, da kwaɗayi ne ya motsa malaman, da sun yi shiru, domin ƙarin kuɗi a asusun jami'a yana iya sauƙaƙa biyan alawus ɗinsu. Sai dai malami shi ke tsaye gaban aji, shi ke kiran suna, shi ya san kujerar da ta zama wofi da kuma dalilinta. Matsayinsu tun fil azal shi ne, jami'ar gwamnati amana ce ta jama'a, in aka sa mata farashin da sai mai hali, to an karɓi harajin talaka an gina wa ɗan mai kuɗi makaranta.

Ƙorafinsu na biyu a kan iko ne. Bisa tsari jami'a tana da majalisu biyu: majalisar gudanarwa mai kula da dukiya da ɗaukar ma'aikata, da majalisar manyan malamai mai kula da karatu da jarrabawa. Amma Gwamna shi ke naɗa shugaban majalisar farko da wakilan gwamnati a cikinta, kuma daga hannunsa albashi ke fitowa. To, Hausawa sun ce mai abu shi ke da iko da abinsa. Saboda haka malamai ke kukan cewa ana yanke hukunci a fadar gwamnati, su kuwa sai su ji a rediyo kamar kowa. Wannan ya fito fili a 2022, sa'ad da ASUU ta ƙasa ta yi yajin aiki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Gwamnan ya ce zai kori duk malamin jami'ar jiha da ya shiga, aka kuma riƙe albashinsu na wata biyar. Wannan bashin yana cikin abubuwan da suka sa reshen ya sake ajiye alli a Fabrairun 2025.

Wannan gardama ba jiya aka fara ta ba. A 1978, ƙarin kuɗin abinci da na makwanci a jami'o'i ya jawo zanga-zangar ɗalibai a ƙasa duka, har aka rasa rayuka a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1992 kuma, ƙarƙashin shugabancin Attahiru Jega, malaman suka matsa wa gwamnatin soja har ta yarda da wata shawara tasu: a karɓi kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni a ajiye don ilmi. Dokar ta fita a 1993, a 2011 aka mayar da asusun TETFund. Yawancin sababbin ɗakunan karatun da ake gani a jami'o'in jihohi daga nan suka fito. Amma asusun gini yake yi, ya tura malamai ƙaro ilmi, ba ya biyan albashi. Shi ya sa a kan ga bene mai fenti, malamin da ke cikinsa kuwa yana bin bashin wata da watanni.

Da Gwamna Uba Sani ya hau, a watan Agusta na 2023 ya rage kuɗin jami'ar da kashi 30 cikin ɗari, daga naira 150,000 zuwa 105,000. An ji sanyi, amma ragin ya zo ne bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, wanda ya sa kuɗin motar haye gada kansa ya zama wani kuɗin makarantar. A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun rancen ɗalibai, NELFUND. Ba a ɗora masa ruwa ba, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ta fuskar shari'a rancen da ba ruwa ba shi da aibi, sai dai bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai hankali ba ya ɗora wa yaro shi alhali bai san ko aikin yi na jiransa ba.

Masu allo ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala. Malaman Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan karantar da Alƙur'ani, don kada malami ya bar almajirai ya tafi neman abinci. Daga nan kuɗin Laraba ya samo gindi. Amma ba a taɓa jin malamin kirki ya kori maraya don bai kawo na Laraba ba. Attajirin unguwa ne ke cike giɓin da buhun hatsi. Manyan makarantun Musulunci ma haka suka tsaya. Masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas, wanda aka kafa a 859, tarihi ya nuna 'yar wani ɗan kasuwa ce, Faɗimatu al-Fihriyya, ta gina shi da gadonta. Azhar ta Misira kuwa ƙarnuka ta yi tana ciyar da malamai da ɗalibai daga wakafin gonaki da shaguna. Ashe murhun ilmi duwatsu uku gare shi: baitulmali, da uba gwargwadon ƙarfinsa, da wakafin masu dukiya. In aka janye guda, tukunya ta kife.

Saboda haka kowane ɓangare yana da abin da ya hau kansa. Hukuma ta biya malami haƙƙinsa a kan kari, kada kuma ta yanka kuɗin karatu sai ta zauna da majalisun jami'a da iyaye, ta baje lissafin shiga da fita kowa ya gani. Malaman jami'a su tuna yajin wata takwas ɗan talakan da suke karewa shi ya fi cutarwa, domin ɗan mai hali ya riga ya tafi jami'ar kuɗi ko ƙasar waje. Ya kamata ajiye alli ya zama makamin ƙarshe. Attajirai kuwa, dutsen da ya ɓace daga murhun nasu ne. Ɗalibi fakiri yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Ƙungiyar 'yan kasuwa guda a Kakuri ko Sabon Tasha, in ta yi wakafin shago biyu ko uku, hayarsu tana iya riƙe 'ya'yan unguwa a jami'a shekara bayan shekara, ladan kuma yana gudana bayan masu shi sun kwanta dama.

Allah ya ba shugabanni ikon adalci, ya ba malamai haƙuri da riƙon amana, ya buɗa wa iyaye hanyar halal, ya zaunar da Kaduna lafiya kudu da arewa. Amin. Wassalamu.