Wace sikana ta dace da tsofaffin hotunan gida?

A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni na Damagaram. Wanda yake son ganin yadda ginin yake a da, sai dai a hoto. Shi ma hoton takarda ba ya dawwama: zafi na kashe launinsa, gara na ci, ambaliya kuma, kamar wadda ta auka wa Maraɗi a damanar, kan tafi da kayan gida gaba ɗaya. Shi ya sa iyalai ke neman sikana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta.

Abu na farko shi ne siffar na'urar. Mai gilashi a shimfiɗe, wadda ake aza hoto a rufe da marfi, ita ta dace. Irin ta ofis mai jan takarda da kanta tana iya karce tsohon hoto ko ta yage shi.

Na biyu, yawan ɗigon da take ɗauka a kowane inci, wanda ake rubutawa dpi, ko ppp da Faransanci. 300 ya isa idan za a sake wanke hoton a girmansa. Idan ana son ƙara masa girma, ko ƙarami ne kamar na katin ɗan ƙasa, 600 ya fi. Wasu kwalaye na ɗauke da manyan lambobi, amma a duba wadda aka rubuta "optique" a gefenta. Ita ce ainihin ganin na'urar, sauran manhaja ce ke cikewa da ƙiyasi.

Na ukku, idon na'urar. Masu CIS, irin su Canon LiDE, sun fi araha, kuma wayar USB kaɗai ke ba su wuta, don haka da kwamfutar hannu mai caji aiki ba ya tsayawa in an ɗauke wuta. Masu CCD, kamar Epson V600, sun fi tsada kuma sai an jona su da lantarki, amma suna kama hoton da ya lanƙwashe, suna kuma karanta negatif.

Kafin a fara, a goge gilashi da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin hunturu. Hoton da ya manne da gilashin firam, kada a ɓamɓare shi, a kwafe shi haka nan. A ajiye kwafi biyu a wurare daban, kuma kada a dogara da WhatsApp, domin yakan matse hoto ya rage masa kyau.

Sai abin da na'ura ba ta iyawa: a zauna da dattijan gida tun suna raye, a rubuta sunan wanda ke cikin hoton, garin, da shekarar.