Wa Ke Gadin Kuɗin da Ke Cikin Salula?

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ba kowane ɗan kasuwa ke yarda ya ɗaure damin sefa a ƙugu ya hau kwalekwale ba. Turawa ake yi, ta Nita ko Amana ko Airtel Money, ko ta manhajar banki irin su Sonibank da Ecobank. Mai hulɗa da Kamba ta Nijeriya kuma sau da yawa yana da asusun naira a gefe. To, wa ke gadin waɗannan kuɗi?

Da farko dai, kuɗin ba su cikin wayar. Lissafinsu na cikin kwamfutocin banki ko na kamfani, wayar ƙofa ce kawai. Idan ka ba da umurnin tura jika hamsin, manhajar takan rikita saƙon kafin ya tashi, ta yadda ko wani ya tare shi a hanya ba zai iya karanta shi ba. Sai lambar sirrinka, wadda ko ma'aikacin banki ba ya ganinta. Ka kuskure ta sau uku a injin cire kuɗi, a toshe katin. Sannan ga lambar nan da ke shigowa ta saƙo, wadda ke aiki sau ɗaya kuma ta mutu cikin 'yan mintoci. Amfaninta shi ne wanda ya saci lambar sirrinka bai gama ba sai ya mallaki layinka. Bankuna kuma na da na'urorin da ke lura da al'adar mai asusu: wanda ya saba tura kaɗan da rana, aka ga asusunsa na zubar da miliyoyi da tsakar dare, ana iya tsayar da cinikin. A Nijar da Benin babban bankin BCEAO ke kafa ƙa'idojin. A Nijeriya kuwa tun 2014 aka fara ɗaure asusun banki da lambar BVN mai ɗauke da zanen yatsun mai shi.

Duk wannan katanga, ɓarawo bai cika hawanta ba. Sallama yake yi a buɗe masa. Zai bugo da murya mai ladabi: "Alhaji, daga banki ne, za a rufe asusunka, karanto mini lambar da ta shigo yanzu." Banki ba ya neman wannan lamba a bakin kowa. Wani kuma saƙon bogi zai aiko cewa kuɗi sun shigo, ya biyo da magiya wai kuskure ne, a taimaka a mayar. Duba asusun tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda bai karanta Faransanci ba, yakan miƙa waya ga yaron shago ya faɗa masa lambar sirri da ƙarfi a bainar kasuwa. Ga kuma layukan ƙasa biyu ko uku a aljihu guda, wani ma da sunan ɗan'uwa aka yi masa rajista. Ranar da wayar ta faɗa kogin Kwara ko aka zare ta a tasha, kamfani ba zai maido da layin ba sai ga mai sunan, shi kuwa yana can cirani a Kwatano.