Hoton nono yana rage mutuwar mata

Ciwon daji na nono, wanda likitoci ke ce ma kansa, ya fi kowane irin daji kama mata. A shekara ta 2022 ya kashe mata wajen dubu 670 cikin duniya. Yakan soma da ɗan ƙullutu marar zafi. Shi ya sa mace ba ta kula ba sai abin ya yi nisa.

Akwai na'ura mai ɗaukar hoton cikin nono, irin hoton da ake yi ma wanda ya karye. Sunan awon mamogarafi. Ana sa nono tsakanin faranti biyu, a matsa, a ɗauki hoto. Hoton yana nuna ƙullutu tun hannu bai iya jin shi ba.

To, awon yana rage mutuwa? An gwada an gani. A 1963, cikin birnin Niyok na Amurka, aka raba mata wajen dubu 62 kashi biyu. Kashi ɗaya ana kiran su awo kowace shekara, kashi ɗaya ba a kira. Mutuwa ta fi ƙaranci cikin masu awo. A 1977 ƙasar Suwidin ta yi nata gwaji da mata fiye da dubu 130. A 1985 aka ga mutuwar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2012 masanan Ingila suka duba gwaje-gwajen duka. Suka ce: inda mata 5 za su mutu, in ana kiran awo 4 za su mutu.

Amma awon yana da nashi aibi. Masanan sun ce duk rai ɗaya da aka ceta, ana yi ma mata wajen 3 magani kan dajin da ba zai taɓa cutar da su ba. Kuma hoto ba magani ba ne. Sai an bi shi da aiki da magani.

A Nijar, cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ta soma gashin daji da haske a 2021. Amma na'urar hoto ba ta kai ƙauye ba. Don haka macen da ta ji ƙullutu a nono ko hammata, ko ta ga jini daga kan nono, ta tafi likita nan da nan. Kada a yi tsaga, kada a jira kaka. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, likita ne zai bambanta. Maigida kuma ya ba da izini da kuɗin mota. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.