Lambar Ninki Mai Ɓangare da Dangantakarta da Saiwa: Misali Daga Noman Rani na Kura

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa lambar ninki mai ɓangare ba wata sabuwar doka ba ce da za a tilasta wa ɗalibi haddacewa. Daga dokar da ya riga ya sani ta fito. Abin da ake nufi da lambar ninki shi ne 'yar lambar nan da ake ɗorawa bisa wata, kamar 3 a cikin 2³, watau 2 × 2 × 2. Saiwa kuwa ita ce lambar da za a ninka da kanta a sami wadda ake da ita, kamar yadda 3 take saiwa ta biyu ga 9.

2.0 Asalin Dokar

Ɗalibi ya san 2² × 2³ = 2⁵, watau tara lambobin ninki ake yi. To, in an bi wannan doka, 9^(1/2) × 9^(1/2) = 9¹, domin rabi da rabi ɗaya ne. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da 9? Sai 3. Ashe ke nan rabi a gurbin lambar ninki saiwa ta biyu yake nufi. Haka ma sulusi saiwa ta uku ne: 8^(1/3) = 2, domin 2 × 2 × 2 = 8. Game da 8^(2/3) kuwa, lambar ƙasa ita ke faɗin saiwa, ta sama ta faɗi ninki: a ɗauki 2, a ninka ta da kanta, a sami 4. Isaac Newton ya yi amfani da wannan salon rubutu a wasiƙunsa na 1676.

3.0 Misali Daga Magudanan Ruwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa yake gangarowa ta magudanai zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura da Bunkure. Injiniyoyi kan auna saurin ruwa a irin waɗannan magudanai da ƙa'idar da Robert Manning ya gabatar a 1889:

V = (1/n) × R^(2/3) × S^(1/2)

V saurin ruwa ne, n kaushin bangon magudana, S gangararta. R kuwa ana samun sa in an raba girman yankin da ruwa ya cika da tsawon bangon da ya jiƙa.

Alal misali, a ƙaddara magudanar ƙasa mai n = 0.025, da R = 1/8 na mita, da S = 1/400. Saiwa ta uku ga 1/8 ita ce 1/2, in an ninka ta da kanta a sami 1/4. Saiwa ta biyu ga 1/400 ita ce 1/20. Saboda haka V = 40 × 1/4 × 1/20, watau rabin mita a sakan guda.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ninka lambar da ɓangaren: 1/8 × 2/3, da 1/400 × 1/2. Wannan zai ba da 1/240 na mita a sakan, ruwan da kusan a tsaye yake. Wanda ya dogara da irin wannan lissafi zai ƙara gangara fiye da kima, ruwa ya zaizaye bangon. In kuwa gangarar ta gaza, laka da ciyawa su toshe hanya, manomin da ke can ƙarshe ya rasa ruwa.

4.0 Kammalawa

Ya kamata malami ya fara da dokar tarawa, ya bar ɗalibi ya gano saiwar da kansa. Kalmomin rabi da sulusi da rubu'i sanannu ne gare shi daga rabon gado. Bayan haka sai a ba shi aikin magudana, a tambaye shi: in an ninka gangara sau huɗu, sau nawa saurin ruwa zai ƙaru? Wanda ya ce sau biyu ya fahimci darasin.