SAUKA TA FI TASHI WUYA: ABIN DA KE KAYAR DA ƘANANAN JIRAGEN SAMA

Ran 9 ga watan Yuni, 2016, wani ƙaramin jirgin sama samfurin Cirrus SR20 ya taso daga garin Norman na Jihar Oklahoma ta Amurka, ɗauke da mutum uku, ya nufi filin jirgin sama na Hobby da ke birnin Hiyustan. Injinsa lafiya lau, rana tsaka ce. Amma da ya iso sai ya tarar da manyan jiragen fasinja suna ta sauka bi da bi. Ma'aikatan hasumiya suka yi ta sauya wa matuƙiyar titin da za ta sauka, har ta fasa sauka sau biyu. A karo na uku, tana cikin sake hawa tana kuma karkata hagu, sai jirgin ya juya ya faɗo wurin ajiye motoci kusa da filin. Duka ukun suka rasu.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wadda ake kira NTSB, ta bi diddigin al'amarin. Abin da ta gano shi ne, matuƙiyar ta janye leɓen fiffike tun gudun jirgin bai wuce kimanin kilomita 115 cikin sa'a ba, alhali kuwa ƙa'ida ita ce a bari sai ya kai wajen 150. Har ila yau hukumar ta ce ma'aikatan hasumiya sun ƙara dagula al'amarin, musamman da doguwar magana da aka yi mata a daidai lokacin da hankalinta ya kamata ya tattaru kan tuƙi.

Domin a gane yadda haka ke faruwa, sai a san cewa iskar da ke bi ta kan fiffike ita ce ke riƙe da jirgi a sama. Idan gudu ya ragu, dole matuƙi ya ƙara ɗaga hancin jirgi don kada ya yi ƙasa. To, wannan ɗagawa tana da iyaka. Da zarar fiffike ya tari iska da karkatar da ta wuce digiri 15 zuwa 18, sai iskar ta rabu da bayansa, ɗaukar ta gushe nan take. In fiffike ɗaya ya riga ɗan'uwansa saki, sai jirgin ya yi katantanwa ya yo ƙasa. Shi leɓen fiffike kuwa wani marfi ne a gefen baya na fiffike, wanda ake saukarwa lokacin sauka domin jirgi ya iya tafiya sannu ba tare da ya faɗi ba. Wanda ya janye shi kafin gudu ya ƙaru, tamkar ya zare wa gurgu sanda ne.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, amma a sararin sama sannu in ta yi yawa ita ce ajali. Jirgin da ya saki iska can sama yana da filin da zai farfaɗo, wanda ke dab da ƙasa kuwa ba shi da shi. Ɗaya daga cikin wurare masu hatsari ƙwarai shi ne kwanar ƙarshe, watau inda jirgi ke juyowa ya fuskanci titin sauka. Idan iska ta tura shi ya zarce, matuƙi yakan so ya matse kwanar don ya dawo kan layi. Nan ne lissafi ke kama shi, gama jirgin da ya karkata digiri 60 ba tare da ya rage tsayi ba, nauyin da fikafikansa ke ɗauka yakan ninka biyu, gudun da yake bukata don kada ya saki iska kuma ya ƙaru da kashi 41 cikin 100.

Ko bayan taya ta taɓa ƙasa aiki bai ƙare ba. Iskar gefe tana iya ture ƙaramin jirgi daga titi. Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956 kuma aka ƙera fiye da 44,000, iskar gefen da aka gwada shi da ita ba ta wuce kimanin kilomita 28 cikin sa'a ba. Haka kuma wanda ya zo da gudu fiye da kima ya dira kan tayar gaba, sai jirgin ya shiga tsalle-tsalle, kowane tsalle ya fi na baya, har ƙafar gaba ta karye. Irin waɗannan ba su cika cin rai ba, amma suna cin dukiya ƙwarai. Saboda yawan rayukan da kuɓucewar jirgi daga hannun matuƙi ke ci, NTSB ta sa wannan matsala cikin jerin abubuwan da ta fi so a gyara, daga 2015 har zuwa 2018.

Maganin da malaman tuƙi ke koyarwa ba ɓoyayye ba ne, ko a Amurka, ko a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, inda ɗalibai ke fara koyo da ƙananan jirage. Idan gudu, ko tsayi, ko saiti bai daidaita ba, a fasa sauka a sake zagayowa, babu abin kunya a ciki. Sai dai fasawar tana da tsari: a ba inji wuta, a bari gudu ya ƙaru, sa'an nan a janye leɓen fiffike kaɗan-kaɗan. Bugu da ƙari, matuƙi yana da ikon ya ce wa hasumiya ba zai iya abin da aka umurce shi ba, ko ya bar amsa rediyo sai ya daidaita jirginsa, ko ma ya nemi wani fili mara cunkoso. Tuƙi ne farko, sanin hanya na biye, magana ita ce ta ƙarshe. A Hiyustan, tazarar kilomita 35 cikin sa'a ce kawai ta raba mutum uku da gidajensu.