Barcin Marubuta: Jarin Da Ba Ya Shiga Lissafi A Kasuwar Littattafai

Duk wanda ya zauna lissafin abin da ake kashewa kafin littafin Hausa ya fito kasuwa, zai sa kuɗin takarda da tawada, da ladan mai buga rubutu a kwamfuta, da kuɗin maɗaba'a, da kamashon mai shago. Akwai abu guda da ba ya shiga wannan lissafi, alhali kuwa shi ne jarin farko na sana'ar, wato barcin marubucin. Mafi yawan masu rubuta ƙagaggun labarai a Nijeriya ba da alƙalami suke ci ba. Malaman makaranta ne, ko 'yan kasuwa, ko ma'aikatan ofis, ko matan aure masu hidimar gida. Rana ta riga ta zama ta mai biyan albashi ko ta iyali, saboda haka dare ne kaɗai ya rage wa rubutu.

Wannan hali ya samo asali tun farkon sana'ar. Lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar ƙaga labarai a 1933 a ƙarƙashin Dokta Rupert East, malaman makaranta ne suka yi fice a cikinta. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana malami a Bauci ya rubuta Shaihu Umar. Haka abin yake a kudancin ƙasar. Chinua Achebe yana ma'aikacin gidan rediyo a Legas ya kammala Things Fall Apart wanda ya fito a 1958, Cyprian Ekwensi kuwa, haifaffen Minna, ya koyi aikin haɗa magunguna ne, ya kuma yi aikin watsa labarai, yana rubutu a gefe.

Nauyin ya ƙaru bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986. Darajar Naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku suka yi ta tangal-tangal, manyan kamfanonin ɗab'i kuma suka koma ga littattafan makaranta waɗanda ke da tabbacin ciniki. A wannan yanayi ne littattafan da aka sa wa suna Adabin Kasuwar Kano suka bunƙasa. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Ahmed Funtuwa sun yi suna a zamanin da marubuci ke zama shi ne mai rubutu, shi ne mai neman kuɗin bugawa, shi ne kuma mai bin masu shaguna bashi. Littattafan sun bi fatake har unguwannin Hausawa na Sabo a Ibadan da Agege a Legas. Mutumin da ya wuni tsakanin wurin aiki da maɗaba'a da kasuwa ba shi da lokacin ƙaga labari sai gari ya yi tsit, sau da yawa ma a gaban fitilar ƙwai idan NEPA ta ɗauke wuta.

A halin yanzu kaso mai yawa na cinikin ya koma wayar hannu. Marubuta, galibinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad da makamantansu, masu karatu kuma suna biyan kuɗi kafin a shigar da su rukunin da ake sakin ci gaban labarin. Wannan tsari ya rage wahalar neman jarin bugawa, amma ya zo da nasa nauyin, domin kuwa wanda ya biya kuɗinsa yana jiran sabon shafi kullum, ba ruwansa da ko marubuciya ta runtsa. Irin wannan matsi yana kan masu rubuta wasannin talabijin masu dogon zango, waɗanda suka yawaita bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014.

Dalilan da ke sa a zaɓi dare a bayyane suke. Yara sun kwanta, baƙi sun watse, zafi ya sauka, babu mai sallama a ƙofa. Sai dai lissafin sa'o'in yana da ban tsoro. Alal misali, marubucin da ya fara aiki ƙarfe 11 na dare bayan an gama hira, ya ajiye alƙalami ƙarfe 2, ya tashi sallar asuba ƙarfe 5, barcin sa'a 3 ke nan ya samu. A 2015 manyan ƙungiyoyin likitocin barci biyu na Amurka sun ba da shawarar cewa baligi ya riƙa samun aƙalla sa'a 7 a kowane dare. Ke nan marubucin nan yana cin bashin sa'a 4 kullum, wato sa'a 28 a mako, fiye da kwana guda cur.

Jiki kuwa ba ya yafe irin wannan bashi. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Pennsylvania aka wallafa a 2003, an taƙaita wa wasu mutane barci zuwa sa'a 6 ko 4 har dare 14 a jere. Da aka auna natsuwarsu da saurin tunaninsu, sai aka tarar sun koma daidai da wanda ya yi dare ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba sam. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne su kansu ba su ga sun lalace haka ba, gani suke yi sun saba. Tun a 1997 ma wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 a farke, hannunsa da idonsa suna aiki ne kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato haddin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Marubucin da ya tashi ƙarfe 5 na asuba ya cika sa'a 17 da ƙarfe 10 na dare, tun bai buɗe littafin rubutunsa ba.

Asarar tana da farashi. Cibiyar bincike ta RAND Europe ta ƙiyasta a 2016 cewa ƙarancin barci yana jawo wa Amurka asarar da ta kai dala miliyan dubu 411 a shekara, Japan dala miliyan dubu 138, Jamus dala miliyan dubu 60, ta hanyar fashin aiki da raguwar ƙwazo da mutuwar ma'aikata kafin lokaci. A wajen marubucin Nijeriya, aikin rana ne ke fara biyan kuɗin. Malami ya shiga aji yana gyangyaɗi, ɗan kasuwa ya yi kuskuren canji, ma'aikaci ya makara har a yi masa takardar gargaɗi. Tun da albashi ko ribar shago ne ke ɗauke da rubutun, duk abin da ya taɓa su ya taɓa littafin. Iyali ma suna biya, domin maigida ko uwargidan da ba ta ƙoshi da barci ba takan yi saurin fushi. Ga kuma kuɗin man janareta, wanda ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

Har ila yau, shi kansa labarin yana iya yin asara. A 2004 masu bincike a Jami'ar Lübeck ta Jamus sun ba mutane wani lissafi mai ɓoyayyar gajeriyar hanya. Waɗanda suka yi barci kafin su sake gwadawa sun ninka waɗanda suka kwana a farke fiye da sau biyu wajen gano hanyar. Wato ƙullin labarin da ya gagara warwaruwa ƙarfe 1 na dare yana iya warwarewa da kansa bayan barci. Goro da shayi da kofi kuwa ɓoye gajiya kawai suke yi. Sinadarin kafin da ke cikinsu yakan ɗauki kimanin sa'a 5 kafin rabinsa ya bar jini, kuma wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna cewa shan mai yawa daga cikinsa sa'a 6 kafin kwanciya yana rage barci da fiye da sa'a guda.

Tarihin adabin duniya ya nuna hanyoyi biyu. Franz Kafka, ma'aikacin hukumar inshorar ma'aikata a birnin Prag, ya rubuta wani shahararren gajeren labarinsa a dare ɗaya cikin Satumba 1912, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, amma ya yi ta kukan rashin barci a wasiƙunsa, kuma ya rasu a 1924 yana da shekara 40 bai kammala ko ɗaya daga cikin dogayen labaransa uku ba. Anthony Trollope kuwa, ma'aikacin gidan waya a Ingila, yakan zauna ƙarfe 5:30 na asuba da agogo a gabansa, ya rubuta kalma 250 a kowane minti 15 kafin ya tafi ofis. Ya bar ƙagaggun labarai 47. Toni Morrison ta Amurka, wadda ta sami kyautar Nobel a 1993, ita ma kafin fitowar rana ta saba rubutu, saboda aikin ofis da renon 'ya'ya biyu.

Tsarin rayuwar Bahaushe ya dace da hanya ta biyu, tun da an riga an saba tashi da asuba. Wanda ya kwanta ƙarfe 10 ya tashi ƙarfe 5 ya cika sa'a 7, kuma yana da sa'a guda ko fiye ta shiru kafin gida ya tashi. Shafi 2 a kullum shafi 60 ne a wata, 180 a wata uku. Wanda kuwa jikinsa ya fi sakewa da dare, abin da ya kamace shi shi ne ya yanka wa kansa lokacin tashi daga tebur, ya keɓe dare biyu ko uku a mako maimakon bakwai, ya daina cin goro da shan shayi mai kauri tun la'asar, ya kuma riƙi ƙailula ta minti 20 zuwa 30. Idan dabara ta faɗo masa a kan shimfiɗa, layi biyu a takarda sun isa su tsare ta har safiya. Masu sakin labari a waya kuma suna iya tara babi da yawa kafin su fara saki, su kuma sanar da masu karatu ranakun da za su riƙa samu tun kafin su karɓi kuɗinsu.

Sauran aikin yana wuyan masu kuɗi a harkar. A 1936 Hukumar Talifi ta ɗauko Abubakar Imam aro daga aji a Katsina zuwa Zariya na kimanin wata shida, aka ɗauke masa koyarwa domin ya zauna ya yi rubutu da rana. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne littattafai uku na Magana Jari Ce, waɗanda har yau ake bugawa ana sayarwa. Kamfanonin ɗab'i da tashoshin talabijin da masu shirya finafinai za su iya yin koyi da haka ta hanyar ba marubuci kafin alƙalami da wa'adin da ya dace da girman aikin. Hausawa na cewa dare mahutar bawa, kuma muddin kuɗin littafi bai kai ya sayi ranar marubuci ba, daga wannan hutu za a ci gaba da cire kuɗin bugawa.